Amfilifaya A Gaban Gingimari: Direba Na Jin Kiɗa, Batir Na Jin Jiki

Duk wanda ya taɓa zuwa Shuwarin ran Litinin da hantsi ya san cewa kunnensa ne ke riga ƙafarsa shiga kasuwa. Tun daga bakin titi sauti ke tarbar mutum ta kowace kusurwa. Ga mai tallar magani ya ɗaure lasifika a rufin a-kori-kura, ga kanta ana yi mata lodin buhunan gero direbanta ya buɗe ƙofa yana sauraren wa'azi, can gefe kuma tirela ce ta tsaya, gilasanta sai rawa suke yi saboda ƙarfin kiɗa.

Shuwarin dai tana cikin Ƙaramar Hukumar Kiyawa ne a Jihar Jigawa, a kan babbar hanyar nan da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil da Gaya, ta ratsa Kiyawa ta nufi Azare da Potiskum har Maiduguri. Daga nan ne kuma ake ratsewa a shiga Dutse, hedkwatar jihar tun da aka ƙirƙiro ta a 1991. Saboda haka manyan motoci ba sa yankewa a wurin, dare da rana. Wasu na ɗauke da riɗi da zoɓo za su kai Dawanau, wasu da dabbobi za su kudu, wasu kuwa siminti da taki suka kawo. A cikin motocin nan, da yawa rediyon da kamfani ya sa musu ba shi ke wannan ruri ba. Wani ƙaramin akwati ne na ƙarfe da aka ƙara daga baya, aka ɓoye shi a ƙarƙashin kujera ko a bayan gadon direba. Shi ake kira amfilifaya, kuma yadda ake haɗa shi ya zama abin da ya kamata masu motoci su sa ido a kai, domin a nan ne ake asarar da ba a ganinta sai ta riga ta auku.

Abin da akwatin ke yi

Aikin amfilifaya ba wani abin mamaki ba ne. Muryar da ke fitowa daga rediyo ko wayar hannu ko memori, a matsayin lantarki, 'yar ƙanƙanuwa ce, ba ta isa ta motsa babbar sifika ba. To, amfilifaya sai ya karɓe ta, ya ɗebo ƙarfi daga batir, ya fitar da irinta sak amma da girma. Watau shi ba ya ƙirƙirar ƙarfi, ɗebowa yake yi. Duk ƙarar da aka ji ta ƙaru a gaban mota, batir da altaneta ne suka biya kuɗinta.

Ko wane rediyon mota yana da nasa ɗan amfilifaya a ciki, tun daga irin wanda kamfanin Galvin na Amurka ya fara sayarwa da sunan Motorola a 1930 har zuwa na yau. Sai dai ƙarfinsa kaɗan ne. Rediyon da aka rubuta wa wat 50 sau huɗu a goshi, abin da yake iya bai wa kowace sifika a kai a kai ba tare da murya ta gurɓace ba bai cika wuce wat 15 zuwa 20 ba. Wannan ya wadatar a cikin ƙaramar mota mai rufaffen gilashi. Amma a gaban gingimari, inda direba ke zaune kusan a kan injin dizal, ga iska na shigowa ta taga, ga bodi na ƙara, sai muryar ta nutse.

Bai kamata a ɗauki wannan buƙata ta direbobi da wasa ba. Daga Kano zuwa Maiduguri tafiya ce ta fiye da kilomita 550, zuwa Legas kuwa kusan kilomita 1,000, kuma yawancinta da dare ake yi. Mutum shi kaɗai da yaron motarsa, wanda sau da yawa barci yake yi, dole ya nemi abokin hira. Tun zamanin kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, direbobin Arewa suka zama manyan masu sauraren mawaƙa. Alhaji Mamman Shata ya yi wa direbobi waƙoƙi, Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota, Haruna Uji na Haɗejia kuwa gurminsa ya sha yawo a tashoshin mota. Yau kaset ya kau, memori da Bluetooth sun maye gurbinsa, karatun Alƙur'ani da wa'azi da labaran rediyo sun samu babban kaso, amma bukatar tana nan yadda take.

Batir biyu, akwati ɗaya

Inda gizo ke saƙar shi ne a akwatin batir. Ƙananan motoci, har da irin su Hilux, da bolt 12 suke aiki. Manyan motocin dizal kuwa, irin su DAF da MAN da Howo da ake gani a kan hanyar Kiyawa, bolt 24 ne da su. Batir biyu ne masu bolt 12 ake jerawa, a haɗa kan jan na ɗaya da kan baƙin na biyu, ƙarfinsu ya taru. Amfilifayan da suka cika kasuwa, daga Sabon Garin Kano har Alaba ta Legas, kusan dukkansu don ƙananan motoci aka ƙera su, watau bolt 12. In aka ba irinsu bolt 24, nan take za su ƙone.

Hanyar da ta dace sananniya ce ga duk mai wayarin da ya san aikinsa. Ko dai a nemo amfilifayan da aka yi don bolt 24, ko kuma a sayi kwanbata, watau na'urar da ke karɓar bolt 24 daga batiran biyu gaba ɗaya ta sauko da shi zuwa 12. Amma kwanbata mai ƙarfin da zai ɗauki amfilifaya yana da tsada, wani lokaci kuɗinsa kan yi kusa da na amfilifayan kansa. Direban da ya tara 'yan kuɗinsa daga alawus na hanya ba ya son jin wannan magana. To, sai a bi gajeriyar hanya: a ja waya daga batir ɗaya kawai, wanda ke haɗe da shasi, a samu bolt 12 a ɓagas. A kunna, kiɗa ya tashi, kowa ya yi murna, a biya mai aiki a kama hanya.

Abin da ke biyo baya a hankali yake zuwa. Altaneta ba ta san batir biyu gare ta ba. Abin da ta sani shi ne ta riƙe jimlarsu a wajen bolt 28 in inji na aiki, kuma wutar caji iri ɗaya ce ke ratsa su duka biyun. Amma yanzu ɗaya daga cikinsu yana da ƙarin baki da yake ciyarwa. Alal misali, in amfilifaya na jan amfiya 5 a matsakaici, a tafiyar awa 10 ya zuƙe amfiya-awa 50 daga batir guda, watau kashi ɗaya cikin huɗu na batir mai amfiya-awa 200, alhali ɗan'uwansa ba a taɓa shi ba. Sai na ƙasan ya riƙa zama da yunwa, ƙarfinsa ya sauka, na saman kuma ya riƙa karɓar abin da ya fi ƙarfinsa don jimlar ta cika 28. Mai yunwar sai wani farin gishiri ya daskare a kan farantansa na dalma har ya daina riƙe caji. Mai ƙoshin kuwa ruwansa ya riƙa tafasa yana ƙafewa, farantansa su zaizaye. Ƙarshenta dai duka biyun ake rasawa, kuma tun da ba a haɗa sabon batir da tsoho a jeri ɗaya, biyu za a saya.

Ranar da abin zai bayyana, ba wanda zai tuna da akwatin da ke ƙarƙashin kujera. Mota ce za ta ƙi tashi da asuba cikin sanyin hunturu, a ce ai batiran yanzu ba su da aminci, a zagi mai shago, a zagi kamfani. Mai mota ya sake biya. Bayan 'yan watanni a koma gidan jiya.

Wasu masu wayarin kan ba da shawarar a riƙa sauya wa batiran wuri lokaci-lokaci don su raba wahalar. Wannan yana jinkirta cutar, amma ba ya warkar da ita. Akwai kuma kuskuren da ya fi wannan muni, wanda sabon yaro a wurin aiki kan iya yi, shi ne ya ja wayoyinsa biyu daga batirin sama. Jikin amfilifaya da na rediyo a haɗe suke da ƙarfen mota, don haka da zarar an yi wannan haɗi an gama kan batirin ƙasa da shasi kai tsaye, tartsatsi da hayaƙi ne za su ba da labari.

Waya da fis

Ko a motar da ke da bolt 12, inda babu wancan rikici, akwai sauran magana, kuma ita ce ta fi haɗari. Ɗalibin da ya yi kimiyyar lantarki a sakandare zai iya lissafa ta da kansa, da ƙa'idar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa tun 1827. Amfilifaya mai ba da wat 500 na gaskiya, in irin tsohon ƙirar nan ne da ke ɓarnatar da kusan kashi 40 cikin 100 a matsayin zafi, zai nemi fiye da wat 800 daga batir. A raba wannan da bolt 13.8, sai a samu kusan amfiya 60. Wannan wuta ce mai yawa ƙwarai. Soket na ɗaki amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka.

Yanzu a ɗauka an yi amfani da wayar gida mai kaurin murabba'in milimita 2.5, irin wadda ake ja wa soket, tsawon mita 5. Amfiya 60 in ta bi ta cikinta, za a rasa bolt 2 a hanya, kuma wayar kanta za ta riƙa fitar da zafin da ya kai wat 126, watau fiye da na tsohon ƙwan lantarki mai wat 100, a kwance ƙarƙashin kafet. In kuwa waya mai lamba 4 aka sa, mai kaurin kusan murabba'in milimita 21, zafin bai wuce wat 15 ba. Bambancin ke nan tsakanin aikin da za a manta da shi da wanda zai narkar da roba. Har ila yau akwai wata waya da ta yawaita a kasuwa, a ido jan ƙarfe ce, amma in an kankare ta sai a ga fara ce a ciki, alminiyom ne aka yi wa rufi. Abin da take iya ɗauka bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe mai kaurinta ba, ga shi tana saurin cin tsatsa a mahaɗa. Mai saye ya iya gane ta da rashin nauyi.

Sa'an nan sai fis. Mutane da yawa suna zaton fis ɗin da ke jikin amfilifaya ya isa. Bai isa ba. Wancan akwatin kawai yake karewa. Wayar da ta taso daga batir, ta ratsa ƙarfe, ta bi ƙarƙashin bodi mita huɗu ko biyar, ba ta da mai tsaronta sai an sa mata nata fis a kusa da kan batir, kada ya yi nisan da ya wuce wajen santimita 45. Dalili kuwa shi ne, mota girgiza take yi. Wayar da aka zura ta cikin hujin ƙarfe ba tare da zoben roba ba, yau da gobe sai bakin ƙarfen ya yanke rigarta. Ranar da jan ƙarfe ya taɓa shasi, batirin babbar mota na iya tura ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido. In da fis, shi zai tsinke, a yi asarar abin da bai taka kara ya karya ba. In babu, wayar ce za ta zama fis, ta yi ja wur daga wannan kai zuwa wancan, a gefen katifar direba, ba nisa da tankin mai. A manyan motoci masu gaban da ake kifawa don a duba inji, haɗarin ya ƙaru, domin duk wayar da ba a bi da ita ta wajen maƙallin da gaban ke juyawa a kai ba, kowace kifawa ja take sha.

Abin takaici, fis ɗin da ya tsinke sau biyu, maimakon a binciki dalili, sau da yawa sai a naɗa masa silin waya ko takardar sigari a mayar. Wannan ɗabi'a ta daɗe a garejojinmu, tun kafin a san amfilifaya.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuya. A cire kan batir na baƙi kafin a fara aiki. Wayar at ta zama gajera, kaurinta ɗaya da ta wuta, a kankare fenti a ɗaure ta da noti a kan ƙarfe tsirara. Wayoyin sauti su bi gefe guda, ta wuta ta bi ɗaya gefen, in ba haka ba za a riƙa jin wani kuka a sifika yana tashi yana sauka tare da totur. Siririyar shuɗiyar wayar nan da ke kunna amfilifaya a haɗa ta da rediyo, kada a haɗa ta da batir kai tsaye, don kada akwatin ya kwana a kunne. A kuma bar masa wurin shan iska, domin a watannin Afrilu da Mayu zafin Jigawa kan haura digiri 40 a inuwa, balle a cikin gaban motar da ta yini a rana. Amfilifayan da aka tura ƙarƙashin bargo da jakar kaya zai riƙa ɗaukewa da kansa, direba ya ce ya lalace.

Lambar da ke jikin kwali

Mai saye ma yana da nasa rabon ruɗin. Ba abin mamaki ba ne a ga akwatin da bai fi littafi girma ba an rubuta masa wat 3,000 ko 5,000 da manyan haruffa. Irin wannan lamba, wadda akan biyo ta da haruffan PMPO, ba ta da wani ma'auni da aka yarda da shi, ado ce ta talla. Lambar da ake dogara da ita ita ce mai haruffan RMS, kuma sau da yawa a can ƙasa take da ƙananan baƙaƙe, in ma an rubuta ta. Akwai dabara mai sauƙi ta gane gaskiya: a dubi fis ɗin da ke jikin akwatin. In na amfiya 30 ne, to duk abin da zai iya ja daga batir bai wuce wat 420 ba, abin da zai kai ga sifika kuwa ƙasa da haka ne. Ba yadda za a yi ya fitar da abin da bai shiga cikinsa ba.

Bugu da ƙari, kunnen ɗan Adam ba ya lissafi irin na kasuwa. In aka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, ƙarar da za ta ƙaru desibel 3 ce kacal, wadda da ƙyar ake lura da ita. Kafin mutum ya ji kamar sauti ya ninka, sai an ninka ƙarfin wajen sau goma. Saboda haka direban da ya tashi daga wat 200 ya koma 400 ya ninka wa batirinsa nauyi, amma abin da kunnensa ya samu kaɗan ne. Sau da yawa ma abin da ke damunsa ba rashin ƙarfi ba ne, tsofaffin sifiku ne da ƙurar hunturu ta cinye, ko ƙofa mai karkarwa. Ga kuma wani ɗan maɓalli a jikin akwatin da ake daidaita shigar murya da shi, wanda mutane suka ɗauka na ƙara sauti ne, suna murɗe shi har ƙarshe. Yin haka yana sa muryar ta riƙa yankewa a sama, ta yi kaushi, kuma wannan kaushin shi ke ƙona sifika fiye da yawan wat.

Kunne da hanya

Akwai asarar da ba a sayen madadinta a Ƙofar Ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa baligi zai iya sauraren sauti mai desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in ya kai desibel 90 lokacin ya ragu zuwa awa 4 kacal a mako. Direban babbar mota ya riga ya yini cikin rurin inji, kuma don ya ji kiɗa dole kiɗan ya hau saman wannan ruri. Ƙananan gasun da ke cikin kunne masu ɗaukar sauti in sun mutu ba sa sake tsirowa. Alamar farko ita ce wani ƙugi da mutum ke ji bayan ya kashe mota, daga nan sai ya fara cewa mutane ba sa ɗaga murya.

Wanda ya cika gabansa da ƙara kuma ba ya jin odar na baya, ba ya jin jiniya, ba ya jin yaron mota na bugun bodi, ba ya jin canjin kukan inji ko tayar da ta fara saki, alhali tsofaffin direbobi da kunne suke fara gane ciwon mota. A garuruwa irin su Shuwarin da Kiyawa, inda ranar kasuwa mutane da dabbobi da 'yan acaɓa ke cakuɗuwa a bakin titi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hujjar da aka fi kawowa ita ce kiɗa na korar barci. Yana korarsa na ɗan lokaci, amma wanda barci ya ci ƙarfinsa zai yi gyangyaɗi ko da ganga ake buga masa a ka, kuma shawarar da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke bayarwa tun kafa ta a 1988 ba ta sauya ba, watau a tsaya a huta. Ta fuskar doka ma, akwai ƙa'idojin hana yawan ƙara da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, ko da yake wanda ya tsaya a tsakiyar kasuwa tsakanin lasifikokin masu magani uku zai yi wuya ya yarda akwai su.

Wa ke biya?

Abin da ya sa matsalar ta ƙi ƙarewa shi ne, mai jin daɗin dabam, mai biyan kuɗin dabam. Direba ne ke sayen amfilifaya da kuɗinsa, don haka mafi araha yake nema. Mai wayarin, wanda galibi a gareji ya koyi sana'a a hannun maigidansa, ya san kwanbata ya san fis, amma in ya dage sai an saya, aikin zai koma rumfar maƙwabcinsa. Mai mota kuwa yana Kano ko Dutse ko Haɗejia, bai ma san an taɓa masa waya ba, sai dai lissafin batir da ke zuwa masa. Haka abin yake a motocin ma'aikatu da na ƙananan hukumomi da akan ɗora wa lasifika don shelar rigakafi ko gangamin wayar da kai, a yi haɗin cikin gaggawa ana gobe za a fita, a bar shi haka shekara da shekaru. Jami'in sufurin da ke sa hannu a takardar sayen batir sau biyu a shekara yana da dalilin da zai sa ya leƙa ƙarƙashin kujera.

Hana direba sauti ba zai yi aiki ba, zai sa ne a ɓoye. Abin da ya fi wa mai mota sauƙi shi ne ya sayi kwanbata da waya da fis da kansa, tun da kuɗinsu bai kai na batir biyu ba, ya bar wa direba sayen akwatinsa. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motoci ta NARTO da ta makanikai ta NATA duk suna da rassa a jihar, kuma magana ce da za a iya gamawa a zama ɗaya a tasha.

Wanda kuma yake son ya san halin da motarsa ke ciki a yau, gwajin ba ya cin minti biyar. A tayar da inji, a kunna kiɗa yadda direba ya saba, a sa mita a kan kowane batir shi kaɗai. In lafiya, kowanne zai nuna wajen bolt 14, bambancinsu ɗan kaɗan. In aka ga ɗaya na nuna 13 ɗaya na nuna 15, to a bi siririyar wayar da ta fito daga tsakanin batiran biyu, a ga inda ta nufa.